Azumin Bencin Gaba

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin wadda kwalta ke yin laushi a ƙarƙashin silifa. Ni dai ba ni da bakin ƙorafi, don ƙanƙara nake sayarwa a bakin titi a Unguwar Sarki, ranar da ke gasa mutane ita ke koro min su. Daga la'asar za ka ga layi, kowa da kularsa, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, ana ta ce min, "Malam Lawal, a daure a zaɓo mai ƙarfi." In na yaye buhu sanyin ya bugi fuskata, sai in ce a raina, Allah mai iko, wai yau ni ne nake raba wa mutane ruwa.

Shekaranjiya na dawo gida gab da magariba na tarar da autata Ummi ta baje littattafai a tabarma tana cizon biro. Na ce me ya yi zafi haka da azumi a baki? Ta ce, "Abba, aikin Turanci ne. Ditaminas ne suka ƙi shiga kaina."

Ban san lokacin da na dire kular da ke hannuna ba. Shekara talatin da ɗoriya ban ji kalmar nan a bakin kowa ba, amma tana faɗa na ji warin alli da zufa ya cika min hanci, harshena ya manne a ganɗa. Na ce ta rufe littafin, Gwaggonta Rabi na zuwa shan ruwa gobe, ta tambaye ta. Rabi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce mai bokon gidanmu, ma'aikaciyar jinya ce. Ummi ta ce ai ni ma na yi aji shida. Na ce na yi, amma a kan ditaminas ɗin nan na sauka.

Waccan shekarar ma haka azumin ya zo a bazara, sai dai babu ƙanƙara, babu ma ruwan da za a daskarar. Muna haya a Kurmin Mashi, ɗaki ɗaya da rumfa, a gida mai mutane da yawa. Baba ɗan dako ne a Babbar Kasuwa, shi da 'yan uwansa Katsinawa ke sauke buhuna daga manyan motoci. Shekarar motocin suka yi ƙaranci. Sai ya wuni a gindin rumfa da gammonsa a cinya, ya dawo kafaɗarsa fes babu ko ƙurar gari, mu kuwa in muka ga rigarsa da tsabta mun san kwanan zancen. Masara ta gagare mu muka koma tuwon alabo, wanda in ka ci da sahur kafin hantsi ya bi iska. Sukari sai dai a labari. Kunun tsamiya haka muke kurɓarsa da tsaminsa muna yamutsa fuska, Inna na cewa ai tsamin ne maganin ƙishirwa. Ita kuma tana ɗan suyar ƙosai da yamma a ƙofar gida, ɓaraguzan da suka rage a matsami su ne namu.

Ni a ƙauye na tashi a hannun Kaka, ina bin shanun huɗa, makaranta kuwa sai ranar da babu aiki. Da ya rasu aka ɗauko ni zuwa Kaduna, gashin baki na shirin tsirowa, aka duba aka ce aji shida ya dace da ni, ajin da Rabi take. Ka ga ƙato a cikin yara, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Ban damu ba, don ina son karatun, wallahi ina so. A lissafi babu mai ja da ni. Turanci ne ya zame min ƙarfen ƙafa.

Aikinmu na farko kullum ruwa ne. Famfon unguwa ya daina ko tari, rijiyar gida kuwa guga na dawowa da laka. Ana idar da sallar asuba sai ni da Rabi mu gangara rafi. Sunan rafi ne kawai, ya ƙafe sai yashi. Kowane gida da ramin da ya tona a cikin yashin, ka tsuguna ka jira ruwa ya tsattsafo, ka kwasa da moɗa a hankali don kar ka tayar da laka. Mata har kokawa suke a kan rami. Rabi ce mai kwasa, don hannunta ya fi nawa nutsuwa, ni ne mai ɗauka, garwa biyu a sanda a kafaɗa, ita kuma bokiti a ka. In mun kai gida Inna ta bar shi ya kwanta, ta tace da tsumma, ta kasa shi: na girki, na alwala, da wanda za a zuba a randa a rufe sai magariba. Ruwan da aka wanke wake da shi ake wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka da shi ake yayyafa wa tsakar ɗaki. Wanka sai Juma'a. Sauran kwanaki a jiƙa tsumma a goge wuya da hammata, a sa rigar makaranta a kan ƙuraje.

A hanyar dawowa daga rafi Rabi ke min karatu, tana tafe wuyanta a miƙe ƙarƙashin bokiti. Ditaminas ɗin nan, ga wanda Allah ya tsare bai sani ba, 'yan ƙananan kalmomi ne da Bature ke jingina wa suna a gaba kafin ya yarda ya faɗe shi, su a da an da the, su some da any, su much da many. Mu kuwa in mun ce ruwa, ruwa ne, an gama. Rabi ta ce, "Yaya, abin da ake ƙirgawa shi ke ɗaukar many, wanda ba a ƙirgawa much. Ruwa ba a ƙirga shi." Na ce, "Inji wa? Ba yanzu kika gama ƙirga shi moɗa-moɗa ba?" Ta yi dariya har ruwan ya fantsalo mata a goshi, ta yi maza ta rufe baki kar ya shiga. Shekarar ce ta fara azumi cikakke, tana tattalinsa kamar ƙwai.

Ajinmu rufin kwano ne babu silin. In rana ta take sai ka ji kwanon na ƙara ƙas-ƙas, zafi na saukowa a tsakar kai, ƙudaje ma sun gaji sun lafe a bango. Malamin Turancinmu ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, can ya tarar da abin da ya aika. Mu dai Malam Tsaf muke ce masa, saboda farar rigarsa da karin guga ba ya kwanciya. Shi ma yana azumi, amma yana da kwalbar ruwa a kan tebur. Yakan tsiyaya a hankici ya ɗora a ƙeya, ɗigon na sauka a siminti ɗis, ɗis, aji guda na bin kowane ɗigo da ido har ya bushe.

Dokoki biyu gare shi da shi ya ƙirƙiro abinsa. Ta farko, zama bisa ƙoƙari ne: ka ci tambaya ka matsa benci ɗaya gaba, ka faɗi ka ja baya. Ta biyu, wanda ya ci shi zai daki waɗanda suka faɗi. Yana da dorina mai harshe biyu, amma ba ya gajiyar da hannunsa da ita. Yakan ce, "Ni ba na dukan ɗan kowa. Ku ne za ku gyara junanku." Sai ya rubuta jimla a allo ya bar gurbi, ya nuna wani a baya. In ka faɗi ka ci gaba da tsayuwa, ya nuna na gaba, har a kai ga wanda zai cike gurbin daidai. Shi za a miƙa wa dorinar ya bi na tsaye ɗaya bayan ɗaya. Mugun kuma duk jimlolinsa na ruwa ne da madara da shinkafa da sukari, kana karantawa cikinka na kuka.

Ranar da aka kama azumi ya sanar da mu cewa bayan Sallah za a zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma 'yan benci biyu na gaba kaɗai zai tura. Sauran, inji shi, kowa ya je ya nemi baro ko faranti. Babu wanda ya tambaya ko yana da wannan ikon. Malami ne ya faɗa. Ni ina can jikin bango, na san bencin gaba ya yi min nisa, sai dai in Allah ya yi ikonsa. Rabi kuwa tun tana aji ɗaya take gaba, wurin nata ne, kowa ya sani. Gidanmu gaba ɗaya a kan bencin nan muka ɗora rai. Baba in ya dawo hannu rabbana ya zauna jugum, sai ya kalle ta ya ce, "Ke dai ki riƙe gaban nan."

Kafin azumi Malam Tsaf bai cika kula ni ba. Da aka shiga ditaminas ya gano inda nake da rauni, shi ke nan na zama abin buɗe darasi. "Baban aji, tashi." Na tashi, na faɗi. Ya nuna wasu, suka faɗi. Sai ya nuna Rabi. Ta miƙe, ta waiwayo ta kalle ni a tsaye, ta kalli dorinar a kan tebur, sannan ta buɗe baki ta faɗi abin da ba shi ba. Tambayar da ta koya min da bakinta a safiyar nan ce. Wani yaro ya ci, ya zane mu ni da ita, ta kwashe littattafanta ta ja baya.

Haka aka yi ta yi. Duk ranar da nake tsaye Rabi ba ta san komai ba, ni kuwa kullum a tsaye nake. Azumi bai raba ba ta kai tsakiyar aji. Ana shiga goman ƙarshe sai ga ta a jikin bango kusa da ni, 'yar mitsitsiya, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

A rafi in ta duƙa kwasar ruwa ina ganin shatar dorina a dantsenta, wata ta bushe wata ɗanya, ƙuda na bi. Na ce, "Ke wai mahaukaciya ce? Wa ya sa ki?" Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ta yaya zan ɗaga hannu in dake ka?" Yarinyar da ko sunana ba ta faɗa, da ba ta sa hannu a kwano sai na sa, da take durƙusawa ta gaishe ni da safe ko da mun kwana da faɗa.

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Ina tafe da garwa ina haddacewa, ina daka wa Inna wake ina haddacewa. Amma da zarar yatsan nan ya nuno ni, ga rana, ga yunwa, ga yara na dariya ƙasa-ƙasa, sai kaina ya zama fanko. Na ce to bari in kauce wa Rabi, na ƙi zuwa makaranta. Ranar Malam Tsaf ya sa ta durƙusa a kan tsakuwa a tsakar rana har aka tashi, wai sai ta fito da ƙaton yayanta. Washegari da na koma ya tsaya a kanmu yana goge wuya da hankicinsa, ya ce mata, "Kina tsammani ban gane wasanki ba? To ki ji da kyau. Ko za ki cinye littafin nan, ba ki ba bencin gaba sai ranar da kika zane wannan ƙaton da hannunki."

Da shan ruwa na kai maganar gaban Baba. Ya kurɓi kununsa ya ce shi ba ya shiga tsakanin malami da ɗalibi, ita dai ta san yadda za ta yi ta koma gaba. Inna kuwa ta ajiye matsami ta nuna Rabi da yatsa. "Kul. Na ce kul. Kika kuskura kika ɗaga hannu a kan yayanki, ni da ke ne a gidan nan. Gara ki tsufa a bencin baya." Uba ya ce gaba, uwa ta ce kul, suka ci gaba da cin ƙosansu. Rabi tana riƙe da kofi ta kasa sha.

Kwanakin nan hadari ya fara yi mana wasa da hankali. Kullum da yamma sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, mata su fito da robobi da bahuna su jera a tsakar gida, sai ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na jiya. Ramukan rafi suka ƙara zurfi har sai Rabi ta kwanta da ciki kafin moɗa ta taɓa ruwa. Sallah na matsowa, ita kuma tana jikin bango.

Wata safiya na ajiye sandar garwa na ce, "Yau in ya nuna ki, ki ba da amsa daidai, ki karɓi dorinar ki dake ni."

Ta ce, "Inna fa?"

"Inna ba ta ajin. Ni ne yayanki, ni na sa ki. In kika ƙi, ba ni ba ke, kuma kar ki ƙara gaishe ni."

Ta fara kuka. Na ce ta daina ɓarnar ruwan jikinta, da sauran wuni a gaba. Don in kwantar mata da hankali na nuna mata tsohon gammon Baba da zan shimfiɗa a bayana a ƙarƙashin riga, na ce ko sauro ya fi ta zafin hannu. Ranar ba ta yi min karatu a hanya ba.

Zafin ranar ya fi na kullum, ko ganye ba ya motsi. Malam Tsaf ya rubuta jimlarsa, wai babu ruwa da yawa a cikin tukunya, ya bar gurbi gaban water. "Baban aji, tashi." Na tashi na kalli allon, sai na ga amsar a zaune tana kallona. Ruwa ba a ƙirga shi. Tun da aka fara darasin nan ranar ce kaɗai na san amsa sarai, babu ko tantama, har tana min ƙaiƙayi a harshe. Da na faɗe ta da na bar jikin bango a karon farko, da ni zan ce wa Baba na matsa gaba. Na haɗiye ta na ce, "Many."

Aji ya yi dariya. Bai nuna kowa ba sai Rabi. Ta miƙe ta ce, "Much," murya kamar ta mai zazzaɓi.

Ya ce, "Ashe kin warke." Ya miƙa mata dorinar. Ya zagayo bayana ya taɓa rigata da yatsa, ya yi murmushi ya ce in tuɓe. Gammon ya faɗo ƙasa, yara suka kwashe da dariya har da masu buga tebur. Na juya fuskata bango na dafa, bayana tsirara, ƙuraje ko'ina.

Rabi ta ɗan taɓa ni da dorinar. Ko ƙuda ba zai tashi ba.

Malam Tsaf ya ce, "Wannan shafa ce. Kawo in nuna miki." Mutumin da ba ya dukan ɗan kowa ya karɓi dorinar ya zuba mata a gadon baya, na ji ƙarar kamar an yaga sabon yadi. Ya mayar mata a hannu ya ce, "Haka ake yi. Ko in ƙara nuna miki?"

Ƙarar da Rabi ta yi ce ta sa na waiwayo. Ita kuma ta runtse ido ta ɗaga hannu biyu ta kawo duka da duk ƙarfin da yunwa ta bar mata. Gajeriya ce, sama take kai hannu, ba ta ga na juyo ba. Harshen dorinar ya naɗo ta gefen kunnena ya sauka a cikin idona na hagu.

Na ga wani farin haske, sannan ja. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta kumatuna ya shiga bakina, na dinga tofarwa don kar azumina ya karye. Ka ji abin da ya dame ni a lokacin. Na ji muryar Malam Tsaf yana cewa, "Kwashi littattafanki ki koma gaba." Ni kuma ya ce in je in wanke fuska. Da wane ruwa? Kwalbarsa na kan tebur, bai ko kalle ta ba.

Da yammar nan ruwan farko ya sauka. Ana kiran magariba iska ta ɓalle ƙofar zaure, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Gidan ya rikice da murna, mata na guɗa, yara sun tuɓe suna tsalle a ƙarƙashin indararo, ana cika randuna da bahuna da tukwane har da kwanukan cin tuwo. Ni ina kwance a ɗaki, Inna ta wanke min idon da ruwan gishiri ta zizara min kwalli ta ɗaure da ɗankwali. Baba ya ɗaga ɗankwalin ya duba, ya ce ƙaddara ce, zai washe. Bai taka makarantar ba, ranar ko wata rana.

Rabi kuwa Inna ta ɗauki muciya ta bi shatar dorinar da ke jikinta ta maimaita. Na ce, "Inna, ni na sa ta." Ta ce, "In ka ce ta faɗa rijiya sai ta faɗa? Rufe min baki." Ta tura ta waje ta ce hannun da ya daki yayansa ba zai shiga kwanonta ba. Ta ƙofa, da idon da ya rage, ina hango ta a tsaye a tsakar gida cikin robobin mutane, ruwa na dukan ta, ba ta fake ba, ba ta kuma buɗe baki ta sha ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta lura ta ce, "Ke Rabi, an sha ruwa fa," ta ɗura mata a tafin hannu. Har aka yi Sallah a bakin ƙofa take shan ruwa ita kaɗai, da ɗan kwanonta daban.

Idon bai washe ba. Ya kumbura ya yi ruwa, kaina kamar ana sara da gatari. Sai bayan Sallah, da wari ya fara fita, aka kai ni asibiti. Likitan ya duba ya tambayi Baba ina muke tun tuni. Ya ce abin da za a iya yanzu shi ne a tsare na dama.

Ina kwance da bandeji aka koma makaranta. Ranar farko Rabi ta dawo ta tsaya a bakin rumfa ta kasa shigowa. Na ce lafiya? Ta ce an yi wa Malam Tsaf canjin wurin aiki, har da ƙarin girma. Wata malama aka kawo. Da yara suka yi mata bayanin benci sai ta yi dariya ta ce wa ya faɗa muku haka, ai duk ɗan aji shida yana zama jarrabawa, na gaba da na baya, kowa ya zauna inda yake so. Har ta tambaya ina dogon yaron da aka ce ya iya lissafi.

Na ce, "To." Na juya fuskata bango.

Ranar jarrabawar ina kan tabarma, ko hasken ƙofa ba na iya kallo. Rabi ta ci, ta ci da kyau. Ni da na miƙe Baba ya samo min baro a kasuwa, daga baro na koma tura kurar ruwa, daga nan Allah ya kawo ni ga ƙanƙara. Damina ta yi albarka shekarar, masara ta dawo, famfo ya kawo ruwa, rafin ya cika ya shafe ramukanmu kamar ba a taɓa tona su ba.

Yanzu 'ya'yana in an yi minti kaɗan babu wuta sai su ce za su mutu, a kawo musu ruwa mai sanyi su ce bai yi sanyi ba. Malamar su Ummi in yaro ya ci tambaya alawa take ba shi, in ya faɗi ta ce ya sake gwadawa. Ina jin su ina kallon su da idona ɗaya.

Jiya Rabi ta zo kamar yadda takan zo kowane azumi, da kular farfesu da leda cike da lemo, har da maganin ɗigawa na idon dama da ba ta taɓa bari ya yanke min ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, mace da furfura, da jikoki. Bayan an sha ruwa Ummi ta kawo littafinta. Rabi ta buɗe ta ga kan darasin, ta ƙura masa ido har Ummi ta ce, "Gwaggo, ko ke ma kin manta?" Ta ce ba ta manta ba. Ta bi mata su ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, babu inda ta yi tuntuɓe. Ummi ta kuskure ɗaya, ta ce, "Ba komai, sake."

Muryarta kawai nake ji, don ta gefen haguna ta zauna. Nan take zama kullum. Ranar aurena nan ta zauna, ranar da muka yi zaman makokin Baba nan, na Inna ma nan. Duk faɗin tabarma sai ta zagaya ta nemi gefen da babu ido. In ina son ganin fuskar ƙanwata sai na juya kaina gaba ɗaya, kafin in gama juyawa kuwa ta sunkuyar.

Na ce, "Rabi, ga wuri nan ta dama. Dawo in gan ki."

Ta gyara mayafi, ta tura min kofin kunu inda hannuna zai same shi ba sai na lalube ba.

Ta ce, "Nan ma ya yi, Yaya."